Tsadar Almajiranci a Addinin Kirista

Tsadar almajiranci koyarwa ce a addinin Kirista da ke cewa bin Yesu Almasihu da zuciya ɗaya yana raba mutum da wani abu da yake ji da shi: dukiya, ko dangi, ko matsayi, wani lokaci ma har ransa. Kusan duk ɗariƙun Kirista sun yarda da wannan. Inda suka rabu shi ne a kan wanda nauyin ya hau kansa, da kuma alaƙarsa da ceto, wanda suke ɗauka kyauta ce daga Allah.

Tushenta a Linjila

Nassin da aka fi kafa hujja da shi shi ne Luka 14:25–33. Taro mai yawa na biye da Yesu, sai ya juya ya gindaya musu sharuɗɗa: wanda bai fifita shi a kan iyaye da mata da 'ya'ya ba, wanda bai ɗauki gicciyensa ba, da wanda bai sallama duk abin da ya mallaka ba, ba zai iya zama almajirinsa ba. Ya kawo misalin mai son gina hasumiya, wanda sai ya zauna ya yi lissafin kuɗi tukuna don kada ya kafa harsashi ya kasa gamawa a yi masa dariya. Ya kuma kawo na sarki mai mayaƙa 10,000 da zai tari mai 20,000. Abin lura a nan shi ne, malamin da jama'a ke tururuwar bi shi ne da kansa ke ce musu su dakata su yi tunani.

Masu sauraronsa sun san abin da ɗaukar gicciye yake nufi, domin Romawa kan ɗora wa wanda aka yanke wa hukuncin kisa gungumen a kafaɗa, ya ratsa gari da shi zuwa inda za a kafa shi. A Luka 9:23 an ƙara da cewa kowace rana za a ɗauka, kuma da wannan ne malamai ke nuna cewa maganar ta wuce mutuwa ta sau ɗaya, ta haɗa da musun kai na yau da kullum. Markus 10:17–22 ya ba da labarin attajirin da aka ce ya sayar da kayansa ya raba wa matalauta, ya tafi yana baƙin ciki.

Zamanin tsanani a daular Roma

Littafin Ayyukan Manzanni, a Sabon Alkawari, ya kawo kisan Istifanus da jifa, da na Yakubu ɗan Zabadi da takobi. Wajen shekara ta 112, Pliny, gwamnan lardin Bitiniya a Turkiyya ta yau, ya rubuta wa sarki Trajan yadda yake gwada waɗanda ake zargi: su ƙona turare gaban gunkin sarki, su zagi Almasihu, a sake su. Ɗan turare ne kawai tsakanin mutum da gidansa, shi ya sa gwajin ya yi tsanani.

Labarin Perpetua, wadda aka kashe a Kartaj, Tunisiya ta yau, a shekara ta 203, ya nuna inda abin ya fi ciwo. Tana da kimanin shekara 22, 'yar babban gida ce, tana shayar da jariri. Mahaifinta, wanda ba Kirista ba ne, ya yi ta zarya kurkuku yana roƙonta ta ji tausayin furfurarsa. Ranar shari'a ma ya zo da jaririn a hannu. Ta ƙi yin hadayar da hukuma ta nema, aka jefa ta filin wasa ga namun daji tare da wata baiwa mai suna Felisitas.

Amma ikkilisiya ba ta yaba wa mai kai kansa ba. A labarin kisan Polycarp, bishop na Simirna, wajen shekara ta 155, an ambaci wani Quintus da ya miƙa kansa ga hukuma da zumuɗi, da ya ga namun daji sai ya karaya ya yi hadaya. Marubutan suka ce Linjila ba ta koyar da haka ba. Shi kuwa Polycarp ya fice daga gari ya ɓuya a gona, sai da aka je aka kamo shi.

Da yawa kuma sun kasa. A 250 sarki Decius ya wajabta wa kowa yin hadaya da karɓar takardar shaida, kuma an tono irin waɗannan takardu a Masar. Wasu Kiristoci sun yi hadayar, wasu sun sayi takardar da cin hanci. Da ƙura ta lafa suka nemi dawowa, rikici ya ɓarke. Taron bishop-bishop a Kartaj a 251, ƙarƙashin Cyprian, bishop na birnin, ya yarda a karɓe su bayan doguwar tuba, ɓangaren Novatian a Roma ya ce sam.

Bayan tsananin ya kau

Daga 313, lokacin da Kiristanci ya sami 'yanci a daular, zama Kirista ya daina zama haɗari, har ya koma hanyar samun muƙami. Masu neman bi da gaske suka nufi hamada. Tun kafin lokacin, Antoni na Masar ya ji an karanta labarin attajirin nan a majami'a, ya rabar da gonakinsa ya shiga daji, kuma zuhudun Kirista ya bi sawunsa da alkawarin talauci da ƙin aure da biyayya. Illar wannan ita ce, a hankali aka bar wa sufaye sharuɗɗa masu wuya, sauran jama'a suka ɗauki masu sauƙi.

Mabiya baftismar manya a Turai, waɗanda ba sa yi wa jarirai baftisma, sun ƙi wannan rabo. A wurinsu duk wanda zai shiga ruwa sai ya san abin da ya ɗauka. An nutsar da Felix Manz a kogin Limmat na birnin Zurik a Switzerland a 1527 saboda haka. A 1708 mutum takwas ƙarƙashin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder, a ƙauyen Schwarzenau na Jamus, alhali doka ta hana, kuma nassin lissafin ginin hasumiya ya zama taken ƙungiyarsu ta 'Yan'uwa.

Dietrich Bonhoeffer

A wannan zamani, ba wanda ya yaɗa batun kamar Dietrich Bonhoeffer, fasto ɗan ɗariƙar Luther da aka haifa a 1906. Lokacin da yawancin majami'un Jamus suka miƙa wuya ga gwamnatin Hitler, ya shugabanci makarantar horar da fastoci ta ɓangaren da ya ƙi, a Finkenwalde, daga 1935 har 'yan sandan ciki suka rufe ta a 1937. A shekarar ne littafinsa Nachfolge, wato Almajiranci, ya fito, babban ɓangarensa sharhi ne a kan Huɗubar Kan Dutse ta Yesu. A ciki ya bambanta alheri mai araha da alheri mai tsada. Na farko shi ne wa'azin gafara ba tare da neman tuba ba, da baftisma ba tare da horon ikkilisiya ba. Na biyu yana da tsada domin yana kiran mutum ya bi, kuma alheri ne domin Yesu ne ake bi. Da wannan yake sukar ɗariƙarsa, wadda a ganinsa ta mai da koyarwar Luther ta ceto ta wurin bangaskiya lasisin zama yadda ake.

A Yunin 1939 abokansa suka kai shi Amurka don ya tsira, bai yi cikakken wata biyu ba ya hau jirgin ruwa ya koma. An kama shi a Afrilun 1943, aka rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu, 1945, saboda alaƙarsa da masu shirin kashe Hitler. Wannan alaƙa ta sa wasu a majami'arsa suka daɗe suna jan ƙafa wajen kiransa shahidi, suna ganin siyasa ce ta kashe shi. Shi ma, a wata wasiƙa daga kurkuku a Yulin 1944, ya ce ya hango haɗarin da ke cikin littafin, wato mutum ya shagala da neman zama waliyyi, ko da yake bai janye abin da ya rubuta ba.

A Afirka

Tsakanin 1885 da 1887 Kabaka Mwanga na Biyu, sarkin Buganda a Uganda ta yau, ya sa an kashe Kiristoci, ciki har da 'yan Katolika 22 da 'yan Angilika 23, da yawansu samarin fada ne. An ƙone wani rukuni a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886, kuma har yau ana taruwa a can kowace shekara a wannan rana.

Zuriyar 'Yan'uwan Schwarzenau ce ta kafa mishan a Garkida a 1923, inda aka yi sujada ta farko a gindin tsamiya. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta fito, da gadon ƙin ɗaukar makami. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma a Oktoban shekarar Boko Haram, wadda ta kashe Musulmi masu ɗimbin yawa a yankin, ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, fastonta kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, a Michika, bayan an yi garkuwa da shi.

Saɓani

Har yau ana jayayya ko wannan tsada sharaɗin ceto ce ko sakamakonsa. A ƙarshen shekarun 1980 an tafka muhawara a Amurka: John MacArthur ya ce wanda bai miƙa wuya ga Yesu a matsayin Ubangiji ba bai ba da gaskiya ba tukuna, Zane Hodges ya ce wannan saka ayyuka ne cikin abin da aka bayar kyauta. Masu sukar bisharar wadata, wato koyarwar cewa bangaskiya tana kawo arziki da lafiya, wadda ta yi ƙarfi a biranen Afirka, su ma da Luka 14 suke kafa hujja. Wasu malaman tauhidi mata kuma sun yi kashedi a kan yadda ake ce wa matar da miji ke duka ta ɗauki gicciyenta ta yi haƙuri, suna cewa gicciyen da nassin ke nufi shi ne wahalar da mutum ya karɓa da yardarsa saboda bin Almasihu, kuma zaluncin da wani ya ɗora masa a gida ba ya cikin wannan.