Ma'anar zaren aiki da ABI: abin da lambar jikin kwali ba ta faɗa

Tun da matasa suka fara tururuwar koyon rubuta manhaja a Birnin Kebbi da Aliero, kalmar zare ta shiga bakin kowa. Mai sayar da kwamfuta zai ce maka wannan tana da cibiya 8 (wato sassan da ke yin lissafi a cikin masarrafi, ƙwaƙwalwar kwamfuta) da zare 16, mai shirin fasaha a rediyo kuma ya ɗora da cewa yawan zare shi ne yawan sauri. Abin da ke damuna shi ne an haɗa abubuwa biyu mabambanta da suna ɗaya, sannan an manta da na uku, wato ABI, wanda in babu shi sauran ba za su tsinana komai ba.

Zaren da ake rubutawa a jikin kwali dabara ce ta cikin masarrafi. Kamfanin Intel ya fito da tasa a 2002 da sunan Hyper-Threading, inda cibiya ɗaya take nuna kanta ga babbar manhaja (wadda ke tafiyar da na'ura, irin su Windows ko Linux) kamar biyu, alhali kayan lissafin da ke cikinta ba su ninku ba, don haka saurinta ma ba ya ninkuwa. Zaren manhaja kuwa layin aiki ne a cikin shiri guda, kuma shiri ɗaya yana iya buɗe ɗaruruwansu ko da cibiya biyu kawai ke gare shi, babbar manhaja tana ba kowanne lokacinsa bi da bi. An daidaita ƙa'idarsa a POSIX, kundin ƙa'idojin manyan manhajoji irin su Linux, tun 1995.

Na ukun shi ne ABI, wanda ɗalibai da yawa suke rikitawa da API. API magana ce tsakanin mai rubutu da rubutun da yake kira: sunan aiki, da abin da za a miƙa masa. ABI kuwa yarjejeniya ce da take fara aiki bayan an juya rubutun zuwa harshen inji, ita ke faɗin wace rajista (ɗan ƙaramin wurin ajiya a cikin masarrafi) ce za ta ɗauki wane saƙo, da yadda za a jera bayanai a ma'adana. A kan masarrafi iri ɗaya na x86-64, Linux yana saka saƙon farko a rajistar rdi, Windows kuma a rcx. Inji ɗaya ne, yarjejeniya ce ta bambanta, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa shirin da aka harhaɗa wa ɗaya ba ya tashi a kan ɗayan kai tsaye.

To, ina ruwan ABI da zare? A harshen rubuta manhaja na C akwai wata ƙaramar ma'ajiya mai suna errno, inda ake ajiye lambar kuskuren da ya faru na ƙarshe. Lokacin da shiri yake da layin aiki ɗaya, babu wata matsala. Da zaruruwa suka yawaita, sai ya zama kamar 'yan ƙwadago goma ne suke yankan shinkafa a fadamar Argungu, amma allo ɗaya aka ba su na lissafin dami: wannan ya rubuta nasa, kafin ya juyo ya duba wancan ya goge ya rubuta wani. Zare na farko ya kasa buɗe fayil, kafin ya karanta dalilin, na biyu ya zuba nasa kuskuren a wurin. Maganin shi ne kowane zare ya samu nasa kwafin, amma sunan ya zauna ɗaya a rubutu. Wannan ne ake kira ma'ajiyar keɓe ta zare, TLS a taƙaice, kuma ba ita ce TLS ɗin tsaron intanet ba, wani ruɗanin ke nan da haruffa suka jawo.

Tambayar da ta rage ita ce yadda zare zai gano inda nasa kason yake cikin gaggawa, kuma a nan ne ABI take yanke hukunci. Tana ware rajista guda wadda ke nuna wurin, babbar manhaja tana sauya abin da ke cikinta duk lokacin da ta sauya zare, mai harhaɗa lamba kuma, wato shirin da ke juya rubutu zuwa harshen inji, ba shi da izinin taɓa ta don wata buƙata. A x86-64, Linux yana amfani da FS, Windows da GS. A sauran nau'o'in masarrafi, ARM mai bit 64 yana da TPIDR_EL0, PowerPC mai bit 64 ya ware r13, RISC-V kuma ya ware x4 ya raɗa mata suna tp. A ganina RISC-V ne ya yi aiki mai tsabta, domin FS da GS tsofaffin rajistoci ne da suka zo da masarrafin 80386 a 1985 don wata manufa dabam, aro kawai aka yi.

Rajistar kaɗai ba ta wadatar. Idan an loda wani laburare, wato tarin ayyukan da shiri ke arowa daga wani fayil, bayan shiri ya riga ya tashi, ba a san wurin kasonsa tun farko ba. Takardar da Ulrich Drepper ya rubuta kan TLS a ELF, tsarin fayilolin shiri da Linux ke amfani da shi, ta tsara hanyoyi huɗu na isa ga ma'ajiyar. Mafi sauri ita ce wadda aka san tazarar ma'ajiyar daga wurin da rajista ke nunawa tun lokacin haɗa shiri, sai a ƙara ta a kan rajista kawai. Mafi jinkiri kuma sai an kira wani aiki mai suna __tls_get_addr ya nemo wurin. Dole mai harhaɗa lamba da mai haɗa fayiloli da mai lodawa su yarda da tsari ɗaya, in ba haka ba shiri zai riƙa karanta kason wani zare ba tare da ya nuna alamar komai ba, kuma irin wannan kuskure ya fi kowanne wahalar kamawa.

Ba a manyan kwamfutoci kaɗai abin ya tsaya ba. Sunayen armeabi-v7a da arm64-v8a da mai sauke manhajar Android yake cin karo da su sunayen ABI ne. Android ɗin kansa bai karɓi tsarin TLS na ELF ba sai a Android 10, a 2019, kafin nan mai harhaɗa lamba kwaikwayonsa yake yi ta hanyar kiran wani aiki a duk lokacin da zare ya nemi kasonsa. Wayoyi masu cibiya 8 sun daɗe a kasuwa kafin wannan shekarar, kuma yawan cibiyoyinsu bai ɗauke musu wannan zagayen ba.