Claudio Ronco

Claudio Ronco, wanda aka haifa a 1951, likitan ƙoda ne ɗan ƙasar Italiya da ya yi mafi yawan aikinsa a asibitin San Bortolo na birnin Vicenza. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Padua a 1976. An fi saninsa da bincike kan raunin ƙoda na farat ɗaya, wato halin da ƙoda ke kasa tace jini cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, galibi saboda ƙwayoyin cuta sun mamaye jini, ko zubar jini mai yawa, ko babbar tiyata, ko illar wasu magunguna.

Majinyacin da matsin jininsa ya yi ƙasa sosai ba ya iya jure wankin ƙoda na sa'o'i huɗu irin wanda aka saba. Sai dai a yi masa a hankali, dare da rana, ba tsayawa. Peter Kramer ne ya fara wannan hanya a Jamus a 1977, amma an daɗe ba a san adadin ruwan da ya kamata a tace ba. A 2000 Ronco da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Lancet kan majinyata 425, waɗanda aka raba gida uku: mililita 20, 35 da 45 a kowace sa'a ga kowane kilo na nauyin jiki. Kashi 41 cikin ɗari ne suka rayu a rukunin farko, 57 a na biyu, 58 a na uku. Asibitoci da yawa suka rungumi 35. Daga baya manyan bincike biyu, ɗaya a Amurka a 2008, ɗaya a Ostareliya da New Zealand a 2009, ba su ga ƙarin amfani a yawaita tacewar ba, har ƙa'idojin 2012 na KDIGO, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, suka tsaya a kan 20 zuwa 25. Adadin Ronco bai ɗore ba, amma tun daga lokacin likitoci suke auna wankin ƙoda kamar yadda ake auna magani, gwargwadon nauyin mai jinya.

Aikin da ya fi tasiri shi ne na ma'ana. Kafin nan akwai ma'anoni fiye da 30 na raunin ƙoda na farat ɗaya a rubuce-rubucen likitoci, ta yadda abin da wani asibiti ya kira gazawar ƙoda wani bai ɗauke shi haka ba, kuma ba dama a kwatanta bincike biyu. Ronco, tare da Rinaldo Bellomo da John Kellum, suka kafa ƙungiyar ƙwararru mai suna ADQI, wadda taronta na Vicenza a 2002 ya haifar da ma'aunin RIFLE da aka buga a 2004. Ma'aunin ya dogara ne da abu biyu da ake iya dubawa a bakin gadon majinyaci: sinadarin kiriyatinin a jini (dattin da ƙoda ke fitarwa daga jini) da yawan fitsari. Idan kiriyatinin ya ninka sau ɗaya da rabi, ko fitsari ya gaza rabin mililita a sa'a ga kowane kilo har tsawon sa'o'i shida, an shiga matakin haɗari. Ninki biyu rauni ne, ninki uku gazawa. Mutum mai kilo 70 da ke fitar da ƙasa da mililita 35 a sa'a, ma'aikaciyar jinya na iya ganin haka a jakar fitsarinsa tun kafin sakamakon gwajin jini ya dawo. A kan wannan tushe aka gina ma'aunin wata ƙungiyar ƙwararru mai suna AKIN na 2007 da na KDIGO.

A 2008 kuma Ronco ya jagoranci kasa alaƙar ciwon zuciya da na ƙoda gida biyar, bisa wanda ya fara jawo wa ɗan'uwansa da kuma saurin faruwar abin.

Jarirai ma sun daɗe a ransa. Injinan manya na jan jini fiye da abin da jikin jariri zai iya bayarwa, kuma ɗan kuskuren awon ruwa a jikin da bai kai kilo uku ba yana iya zama ajali. Shi da tawagarsa suka ƙera CARPEDIEM, injin wankin ƙoda na jarirai masu nauyin kilo 2.5 zuwa 10, wanda bututunsa ba sa ɗaukar jinin da ya kai mililita 30. An fara amfani da shi a Vicenza a 2013 a kan wata jaririya mai kilo 2.9 da sassan jikinta da dama suka gaza bayan haihuwa mai wuya. Ta yi fiye da sa'o'i 400 a kan injin, ta rayu, aka sallame ta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da injin a 2020.