Kupe ta Alfarma: Mai Shan Fetur da Takwararta ta Dizal

Kupe mota ce mai ƙofa biyu da rufi mai gangarowa ta baya, da kujeru biyu masu faɗi a gaba da wasu biyu matsattsu a bayansu. Sunan daga Faransanci ya fito, ma'anarsa "yankakkiya", domin tun zamanin keken doki ake kiran keken da aka rage wa tsawo da shi. Manya daga cikinsu, irin su Bentley Continental GT, da BMW M6 da M8, da Mercedes-Benz CL, suna cikin ajin da ake kira GT, wato motar da aka ƙera don doguwar tafiya cikin sauri da jin daɗi. Tun da wasu kamfanoni suka fara ɗora injin dizal a cikin wannan gangar jiki, masu saye da marubuta kan motoci ke jayayya a kan abu guda: ko ƙarin kuɗin da ake zubawa a kan mai injin fetur mafi ƙarfi yana sayo wani abu da ta dizal ba ta da shi.

Yadda dizal ya shigo ajin

Shekaru da dama injin dizal na manyan motocin kaya ne da tasi, saboda ƙara da hayaƙi da nawa. Mercedes-Benz ya sayar da kupe mai dizal, 300 CD, a Amurka ta Arewa a ƙarshen shekarun 1970, amma ba don gudu aka saye ta ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne haɗuwar turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji, da sabuwar hanyar fesa mai daga bututu guda mai tsananin matsi, wadda ta fara fitowa a motar Alfa Romeo 156 a 1997. A 2006 Audi R10 TDI ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, karon farko da motar dizal ta yi haka. Shekara guda bayan nan BMW ya fitar da kupe mai dizal, 635d, Audi kuma ya fitar da A5 mai injin dizal 3.0 TDI. A lokacin motocin dizal sun kai kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa a yammacin Turai, saboda ƙasashe da yawa sun sassauta wa man haraji, wasu kuma, kamar Birtaniya tun 2001, suna ƙayyade harajin mota da yawan iskar kabon da take fitarwa.

Injuna biyu a jiki ɗaya

Misalin da ya fi fito da bambancin shi ne BMW ajin 6 na shekarun 2003 zuwa 2010, domin jikin ɗaya ne. M6 tana da injin fetur mai silinda 10 da girman lita 5, mai ƙarfin doki 507, kuma daga tsaye tana kaiwa gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 4.6. Ita kuwa 635d silinda 6 gare ta, lita 3, turbo biyu, ƙarfin doki 286, tana cin sama da daƙiƙa 6 kaɗan. A takarda, tazarar ba ƙarama ba ce.

Sai dai ƙarfin doki ba shi kaɗai direba ke ji a ƙafarsa ba. Akwai ƙarfin murɗawa, wato ƙarfin da injin ke juya ƙarfen da ke kai wa tayoyi, wanda ake aunawa da Nm. A nan 635d ce kan gaba da 580, M6 na da 520. Muhimmin abu ma shi ne inda ƙarfin yake zuwa. Na dizal yana cika tun injin na juyi 1,750 a minti, wato da zarar an ɗan taɓa totur; na M6 sai an kai juyi 6,100, cikakken ƙarfin dokinta kuma sai a 7,750. Ma'ana, mai M6 da ke tafiyar yau da kullum a babbar giya ba ya taɓa ko rabin abin da ya biya. Sai ya sauko da giya biyu ko uku, injin ya yi kururuwa, sannan motar ta nuna halinta. Mai dizal ba ya bukatar wannan don wuce babbar mota a kan hanya.

Dalilin yana cikin yadda kowanne ke ƙona mai. Injin fetur fulogi ne ke kunna masa wuta. Na dizal matse iska yake yi har ta yi zafin da man zai kama da kansa, don haka matsinsa ya fi yawa, sassansa sun fi kauri, kuma ba ya iya juyi da sauri sosai: yawanci kafin juyi 5,000 ya ƙure. Wannan matsin, tare da cewa litar dizal ta fi ta fetur makamashi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, shi ne asalin tsimin mansa.

Wani abin da kan ba mutane mamaki: dukkansu biyu a gudun kilomita 250 a awa aka ɗaure su, bisa wata fahimtar juna da ke tsakanin manyan kamfanonin Jamus. In ban da wasu sassan manyan titunan Jamus da ba su da iyakar gudu, da wuya a sami hanyar da doka ta yarda a kusanci wannan adadi. A zubin da ya biyo baya, na 2011, tazarar ta ƙara tsukewa: 640d mai ƙarfin doki 313 tana kaiwa 100 cikin kusan daƙiƙa 5 da rabi, sabuwar M6 mai doki 560 kuma cikin 4.2.

Nauyi

Masu sukar waɗannan motoci a kan nauyi suka fi tsayawa, kuma suna da hujja. Continental GT ta 2003, mai silinda 12 da doki 560, ta haura kilo 2,300. M6 mai silinda 10, duk da rufinta na zaren kabon, tana kusa da kilo 1,800. Injin mai ƙarfi yana iya ɓoye nauyi a miƙaƙƙen titi, amma ba ya ɓoye shi a kwana ko wajen taka birki. Zafin da birki zai sha yana ƙaruwa daidai da nauyin mota, kuma yana ninka huɗu idan gudu ya ninka biyu. Motar kilo 2,300 tana ɗora wa birkinta kusan kashi 64 cikin ɗari fiye da ta kilo 1,400 a gudu iri ɗaya. Shi ya sa tayoyinsu masu faɗi ke saurin cinyewa, birkinsu ke da girma da tsada.

Daga nan hujjar masu goyon bayan dizal take tasowa. Idan don juya mota a filin tsere ake nema, ƙaramar mota mara nauyi ta fi dacewa, sau da yawa ma a farashi mai sauƙi. Idan kuwa don cin doguwar hanya cikin natsuwa ne, wanda shi ne ainihin aikin GT, to ta dizal tana yin sa ba tare da gazawa ba. Babbar kupe mai fetur sai ta zauna a tsakiya: ta yi wa filin tsere nauyi, ta yi wa doguwar tafiya ƙishirwa.

Lissafin kuɗi

A alƙaluman gwaji na Turai, 635d na shan kusan lita 7 a kilomita 100, M6 kuma sama da 14. Tankinsu ɗaya ne, lita 70, don haka ɗaya na doshin kilomita 1,000 kafin a sake tsayawa gidan mai, ɗayar ba ta kai 500 ba. Mai yin kilomita 30,000 a shekara zai ƙona lita 2,100 a dizal, ko ninkin haka a fetur. Mai yin 5,000 kacal bambancinsa lita 350 ne, abin da ba zai tayar wa mai sayen irin wannan mota hankali ba.

Amma mai ba shi ne babban rami ba. Faɗuwar darajar mota ta fi shi ci, musamman a shekaru ukun farko, kuma tunda ta fetur ta fi tsada tun daga shago, abin da take zubarwa ya fi yawa. Wannan ne ke yaudarar masu sayen ta hannu: farashi ya faɗi ƙwarai, amma kuɗin taya da birki da inshora da gyaran giya suna nan a matsayin na mota mai tsada. Dizal ma ba ta tsira ba. Tun ƙa'idar hayaƙi ta Turai, Euro 5, ta 2009 motocin dizal ke ɗauke da matatar toka a salansa, wadda sai an yi doguwar tafiya take zafi ta ƙone abin da ta tara. Mai gajerun tafiye-tafiye a cikin gari yakan toshe ta, kuma nozul da turbo na dizal ba su da arha.

Bayan 2015

A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal manhajar da ke rage gurɓataccen hayaƙi a lokacin gwaji kawai. Daga nan martabar dizal ta fara zubewa. A 2018 wata babbar kotu da ke Leipzig ta amince biranen Jamus su hana tsofaffin motocin dizal shiga wasu tituna, Hamburg ta fara aiwatarwa, Porsche kuma ya sanar da barin dizal gaba ɗaya. A Landan, yankin taƙaita hayaƙi da aka buɗe a 2019 aka kuma faɗaɗa a 2023 yana cajin fam 12.50 a rana ga motar dizal da ba ta kai Euro 6 ba, alhali ta fetur Euro 4 kawai ake nema daga gare ta. Sakamakon yana da ban dariya: tsohuwar M6 mai shan lita 14 tana shiga kyauta, 635d mai tsimi sai ta biya. Zuwa 2023 kason dizal a sababbin motocin Tarayyar Turai ya sauko ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Faransa kuma ta soma karɓar haraji a kan nauyin mota tun 2022, abin da ya shafi ɓangarorin biyu.

Abin da mai fetur ke da shi wanda lissafi ba ya kamawa shi ne amon injin, da yadda yake hawa har sama da juyi 8,000, da ƙarancin irinsa. BMW bai sake yin motar titi mai silinda 10 ba bayan 2010, wannan ne ma ya sa masu tara motoci ke waiwayar M6 ta wancan zamani fiye da takwararta ta dizal. Bentley bai taɓa sa dizal a Continental GT ba. Da ya daina ƙera injinsa mai silinda 12 a 2024, ya maye gurbinsa da mai silinda 8 haɗe da batir da injin lantarki, motar kuma ta haura kilo 2,400.