Rayuwar Ɗalibin Jami'a Mai Kiyaye Muhalli

Rayuwa mai kiyaye muhalli ga ɗalibin jami'a ita ce tsarin da yake bi wajen amfani da wutar lantarki, ruwa, abinci, tufafi da na'urori, ta yadda ɓarna za ta ragu, sharar da yake fitarwa ma ta ragu. Halin ɗalibi ya sha bamban da na magidanci. Ginin da yake kwana ba nasa ba ne, kuɗin wuta da na ruwa galibi suna cikin kuɗin masauki don haka ba ya ganin bil, yana raba ɗaki da madafa da banɗaki da wasu, sannan kusan kowace shekara sai ya tattara kaya ya tashi. Saboda haka abin da ke hannunsa ya taƙaita ga abin da yake kunnawa, abin da yake saya, da tsawon lokacin da yake mora kafin ya yar.

Jami'o'i sun fara ɗaukar batun a hukumance ne a 1990, lokacin da shugabannin jami'o'i 22 suka sa hannu a Sanarwar Talloires, wato alkawarin kiyaye muhalli da aka ƙulla a garin Talloires na Faransa. A 2010 Jami'ar Indonesiya ta ƙirƙiro GreenMetric, ma'aunin da ke jera jami'o'in duniya bisa yadda suke tafiyar da makamashi, ruwa, shara da sufuri.

Wutar lantarki

Ƙa'idar da ta fi amfani a nan ita ce duk na'urar da ke haifar da zafi ko sanyi ita ce mai shan wuta. Butar lantarki tana jan wat 1,500 zuwa 3,000, rishon lantarki da dutsen guga wat 1,000 zuwa 2,000, na'urar sanyaya ɗaki wajen wat 1,000 ko fiye. Fanka kuwa wat 50 zuwa 75 take ja, kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta cika wuce wat 70 ba.

Ana yawan yi wa ɗalibai huɗubar cire caja daga soket. Cirewar tana da kyau, amma a san girmanta: cajar zamani da ba a jona waya ba ba ta jan fiye da rabin wat, wato kilowat-awa (ma'aunin wutar da aka sha) 4 da ɗoriya a shekara guda cur. Rishon wat 1,500 zai shanye wannan cikin awa uku. Wanda yake cire caja amma ya bar tukunya tana tafasa a buɗe, ya kama reshe ya saki tushe.

Tafasa lita ɗaya ta ruwa yana cin kimanin kashi ɗaya cikin goma na kilowat-awa. Mai son kofi ɗaya da ya cika buta lita ɗaya da rabi ya ɓarnatar da ninki biyar na abin da yake bukata. A auna ruwan da kofin da za a sha, a tabbatar dai ya kai layin ƙasa da aka zana a jikin butar. A rufe tukunya, a rage wuta da zarar ta tafasa, domin ruwa ba ya ƙara zafi bayan tafasa, tururi kawai yake zama. A jiƙa wake da dare kafin a dafa. A tara guga a yi ta a zama ɗaya.

Kwan fitila na LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon kwan wat 60. In ana kunna su awa shida kullum na kwana 120, tsohon zai ci kilowat-awa 43, sabon kuma 6 da rabi. Inda akwai na'urar sanyaya ɗaki, a saita ta tsakanin digiri 24 da 26, a rufe ƙofa da taga, a haɗa da fanka.

Akwai haɗari da ya kamata a sani. Jonin wuta mai bakuna da yawa da aka rubuta masa amfiya 13 a wutar bolt 230 ba ya ɗaukar fiye da wat 3,000. Buta da dutsen guga a kansa lokaci ɗaya sun isa su wuce wannan iyaka. Filogi mai zafi, warin roba ko baƙin tabo a bakin soket alamu ne na a cire nan take.

Ruwa

Shawa ta gama-gari tana zubar da wajen lita 9 a minti, wankan minti goma ya tashi lita 90, alhali bokitin lita 15 zuwa 20 ya wadatar. In ruwan zafi ne asarar ta zama biyu, ruwa da wuta. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, kuma yawanci ƴar robar cikin kan famfon ce ta cinye. Matse shi da ƙarfi yana ƙara lalata ta. Matsalar masaukin ɗalibai ita ce kowa yana ɗauka wani ya kai rahoto, sai a yi wata guda ba wanda ya kai. Ya fi kyau kowane bene ya naɗa mutum ɗaya da zai rubuta wa sashen gyare-gyare, da lambar ɗaki da kwanan wata. A injin wanki kuma, mafi yawan wutar da yake ci tana tafiya ne wajen ɗumama ruwa, don haka a wanke da ruwan sanyi, a cika injin, a shanya a igiya.

Abinci

Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a 2022, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje. Abincin da ya ruɓe a ƙarƙashin juji inda iska ba ta shiga yana fitar da iskar metan, wadda a tsawon shekara ɗari ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 28.

Ɓarnar ɗalibi tana zuwa ne daga dafa fiye da kima da kuma mantuwa a firjin haɗaka. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, domin ƙwayoyin cuta suna saurin yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. A raba shi a ƙananan mazubai marasa zurfi don ya yi saurin hucewa, a rubuta suna da rana a murfi, a sa a firji, a cinye cikin kwana biyu zuwa uku. Shinkafa tana bukatar kulawa ta musamman, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikinta tana tsira daga dahuwa, kuma gubar da take samarwa idan shinkafar ta daɗe a waje ba ta mutuwa da ɗumame. Girkin haɗaka na mutum uku ko huɗu a tukunya ɗaya yana rage wuta da ragowa gaba ɗaya.

Inda jami'a ta ba da fili, ɓawon kayan lambu yana zama taki: kaso ɗaya na ɗanyen ɓawo, kaso biyu zuwa uku na busasshen ganye ko yagaggen kwali, a juya duk mako. In ya yi wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshe. Nama da mai ba sa shiga, ɓeraye suke jawowa.

Roba, takarda da na'urori

Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaban ƙasashe, OECD, ta ƙiyasta cewa kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya. Don haka kwandon sake sarrafawa mataki ne na ƙarshe, na farko shi ne kada a karɓi robar. Gorar ruwa mai ɗorewa, mazubin abinci da jaka guda sun rage yawancinta, da sharaɗin a daɗe ana amfani da su. Binciken Hukumar Muhalli ta Ingila na 2011 ya nuna sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta biya hayaƙin da aka fitar wajen ƙera ta idan aka kwatanta da leda ɗaya. Tara jakunkunan kyauta a taruka ba kiyaye muhalli ba ne.

A ƙasan kwalaben roba akwai lamba cikin alwatika mai nuna irin robar. Lamba 1 da 2 su aka fi karɓa, lamba 3 da 6 da wuya. A ɗauraye, a busar, domin maiƙo yana ɓata takarda da kwali har a ƙi karɓar buhun duka. Gwangwanin alminiyom ya fi komai cancantar warewa, sake narka shi yana ceton kusan kashi 95 cikin ɗari na makamashin ƙera sabo. Kada a ƙona shara a bayan masauki, hayaƙin roba guba ne.

Mafi yawan hayaƙin da waya ke jawowa a rayuwarta yana fita ne tun a masana'anta, don haka ƙara mata shekara ɗaya ko biyu ya fi duk wata dabarar caji tasiri. Batirin litiyom ya fi daɗewa idan ana riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80, ba a barinsa a rana ko ƙarƙashin matashi yana caji. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi, kada a huda, kada a jefa a shara domin yana kama wuta. A 2022 duniya ta fitar da sharar lantarki tan miliyan 62, kashi 22 kawai aka tattara ta hanyar da ta dace.

Zirga-zirga da ƙarshen zango

Kowace lita ta fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Tafiyar kilomita biyu zuwa uku ta ƙafa ce ko keke, mai nisa kuma ta bas, jirgin ƙasa ko mota ɗaya da aka haɗu a ciki.

Makon tashi shi ne lokacin da shara ta fi taruwa: katifa, bokiti, fanka, littattafai da tufafi masu sauran amfani, duk a bakin juji, don jarrabawa ta ƙare kuma mota tana jira. Maganinsa shiri da wuri. Mako biyu kafin tashi a ware abin da za a tafi da shi, abin da za a sayar da abin da za a bayar. Ƙungiyar ɗalibai ta nemi ɗakin ajiya guda mai makulli daga hukumar masauki, a rubuta abin da aka karɓa, a wanke a busar da tufafi da katifu kafin a adana don kada su yi fumfuna, a raba wa sababbin ɗalibai a makon rajista.