Yaro Ya Karanta Labarin Cin Zarafin Wani Yaro, Abin Ya Tsaya Masa a Rai: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai littattafan da mutum kan rubuta bayan ya girma, ya ba da labarin azabar da ya sha yana ƙarami a hannun uwa ko uba ko mai riƙonsa: duka, horon yunwa, zagi, kullewa a ɗaki, wani lokaci har da lalata. Irinsu kan faɗa hannun yaran da suka fara tasawa, sau da yawa babba bai ma sani ba. Sai dai a ga yaro ya yi tagumi, ko yarinya tana share hawaye a ɓoye. Ga tambayoyin da iyaye da malamai kan yi.

Me ya sa wannan ya fi girgiza yaro fiye da labarin ban tsoro na ƙirƙira?

Saboda an gaya masa gaskiya ne. Labarin dodo, da an rufe littafi dodo ya tafi. Nan kuwa mai magana mutum ne mai rai, yana cewa "ni aka yi wa," kuma lokacin da aka yi masa bai wuce sa'an mai karatun ba. Abin da ya fi ciwo shi ne wanda ya yi cutar. Yaro ya taso da sanin cewa in duniya ta yi zafi gida ake gudowa, sai ga littafi yana nuna masa yaron da gidan ne abin tsoronsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekara 12 ko 13, wanda a lokacin ne zuciyarsa ta fi ƙin zalunci.

Kuka da fushi da rashin barci, alamar matsala ce?

Yawanci a'a. Zuciya ce mai lafiya ta ji abin da bai kamata ba, ta motsa. A 1990 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Lisa McCann da Laurie Pearlman, sun yi bayanin yadda masu aikin sauraren waɗanda aka zalunta kan kwashi wani kaso na ciwon, har tunaninsu game da mutane ya sauya. To in ƙwararrun da aka horar haka ke samunsu, ina ga yaro shi kaɗai a ɗaki da littafi?

Ku lura da inda fushin nasa ya nufa. Sau da yawa bai tsaya kan mai dukan ba, ya fi zafi a kan waɗanda suka gani suka kawar da kai: uban da ya yi shiru, maƙwabcin da ya ji ihu, malamin da ya ga tabo bai tambaya ba. Wani kuma kunya ce za ta kama shi, ya ga shi yana ci ya ƙoshi yana ƙorafi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk wannan kan lafa cikin kwanaki. In aka yi makonni yana firgita a barci, karatunsa ya ja baya, ya daina shiga cikin abokai, ko ya fara maganar cutar da kansa, a kai shi wurin likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

In ƙwace littafin?

A ganina, ba shi ne mataki na farko ba. Wanda aka ƙwace wa littafi a tsakiya an bar shi ne daidai inda labarin ya fi muni, alhali gaba kaɗan akwai wanda ya kawo ɗauki, kuma marubucin ya rayu har ya riƙe alƙalami. Ƙwacewar ma wani darasi take koya masa, wato wannan magana ba a yinta a gidan nan, kuma shi ne darasin da mai cin zarafi ya fi so yara su haddace.

Ku karanta littafin da kanku tukuna. In yaron ƙarami ne ƙwarai, ko an zayyana lalata filla-filla, sai a ajiye tare da gaya masa dalili da yadda labarin ya ƙare. In ba haka ba, ya ci gaba, amma da rana, ba lokacin kwanciya ba, kuma ya san yana da damar tsallake shafi ko ya ajiye gaba ɗaya.

Ya tambaye ni, "Da gaske ana yi wa yara haka?" Me zan ce?

Ku ce e. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kusan biliyan ɗaya, 'yan shekara 2 zuwa 17, ke fuskantar duka ko lalata ko muzantawa ko sakaci cikin shekara guda. Ba sai kun ɗora masa wannan adadi ba, ku ne ya kamata ku san shi, don kada ku ce "ƙarya ce ta marubuta." Gaskiya ne wanda ke tuna ƙuruciya zai iya rikita rana ko jerin abubuwa, amma wannan bai mai da azabar tatsuniya ba.

Abin da yaron ya fi buƙata shi ne ɗaya rabin gaskiyar, cewa akwai masu tashi tsaye. A ƙarshen 1873 a birnin New York na Amurka, wata mata mai suna Etta Wheeler ta ji labarin yarinya Mary Ellen Wilson da mai riƙonta ke gallaza wa. Ta nemi taimako har ta kai ga Henry Bergh, shugaban ƙungiyar kare dabbobi, aka kai maganar kotu a 1874 aka raba yarinyar da gidan. Daga nan aka kafa ƙungiyar kare yara a birnin. A 1962 likita Henry Kempe da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya sa likitoci suka fara tambayar asalin karayar da ake kawo musu da sunan faɗuwa. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, wadda sashe na 19 ya ɗora wa gwamnatoci kare yaro daga cutarwa ko da a hannun iyayensa ne.

"Me ya hana shi gudu, ko ya faɗa wa wani?"

Gudu zuwa ina? Cinsa da kwanansa suna hannun mai cutar da shi. An tsoratar da shi, an ce ba wanda zai yarda da shi, an nanata masa cewa halinsa ne ya ja masa har ya yarda. Wani ma yana ƙaunar mai cutar da shin. Ku auna amsarku sosai a nan. Kada a ji "ni da ni ne da na faɗa" daga bakinku, domin ba ku san wa ke saurare ba.

Yaya zan gane kukan na tausayin wani ne, ko nasa ciwon aka taɓa?

Ba kullum ake ganewa ba, kuma bai dace a ɗauki duk yaron da ya yi kuka a matsayin wanda aka cuta ba. Amma akan samu yaron da sai a cikin littafi ya fara ganin sunan abin da ake yi masa, domin da ya ɗauka haka kowane gida yake. Irin wannan yaron ba ya fitowa kai tsaye. Bugun cikinku zai yi: "Da wani ya faɗa miki haka za ki yarda?" ko "Wata ƙawata ma haka ake yi mata." Wani zai yi ta komawa shafi ɗaya, wani zai fara ƙin zama da wani mutum takamaimai. Ku tuna, mafi yawan masu cin zarafin yara ba baƙi ba ne, mutanen da yaron ya sani ne.

In ya buɗe baki, ku danne firgicinku. Yaro na karanta fuska, da ya ga kun rikice zai janye maganar don ya cece ku. Ku bar shi ya faɗa da kalmominsa, kada ku sa masa magana a baki da irin "wane ne ko?" Ku ce masa kun yarda da shi, ba laifinsa ba ne, kuma ya kyauta da ya faɗa. Kada ku yi alƙawarin rufe maganar, ku ce za ku gaya wa waɗanda za su taimaka kawai. Kada a gurfanar da shi gaban wanda ya ambata don a ji ta bakin kowa, wannan ba adalci ba ne, sabuwar azaba ce. Ku rubuta abin da ya ce yadda ya faɗa, ku tabbatar ba a bar shi da mutumin ba, ku kai shi asibiti in da rauni ko zargin lalata, sannan ku sanar da hukumar kula da yara ko 'yan sanda. Fargabar tonon asirin iyali ce ke hana mutane wannan mataki na ƙarshe, yaron kuma shi ke biyan kuɗin shirun.

Wanda aka yi wa haka ya lalace ke nan har abada?

Yara kan yi wannan tambaya, wani lokaci don kansu. Wani babban bincike da aka fara wallafawa a Amurka a 1998, ƙarƙashin Vincent Felitti da Robert Anda, ya tambayi manya fiye da 17,000 game da ƙuruciyarsu. An ga cewa gwargwadon yawan wahalhalun da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon ƙaruwar haɗarin baƙin ciki mai tsanani, shaye-shaye da ciwon zuciya. Sai dai haɗari ya ƙaru ake nufi, ba hukunci aka yanke ba. Da yawa sun warke sun gina rayuwa, mafi yawansu kuma ba su zama masu cutar da 'ya'yansu ba. Abin da masana suka fi ambata wajen farfaɗowar yaro shi ne samun babba ko da guda ɗaya da ya tsaya masa, bai gaji ba.

Ya ce yana son ya yi wani abu a kai. Me zai iya?

Zai iya rubuta abin da yake ji, ko wasiƙa ga yaron cikin littafin wadda ba sai an aika ba. Zai iya jan abokin da kowa ke gudu a jiki. Amma a gaya masa sarai cewa bincike da ceto ba aikinsa ba ne. In aboki ya gaya masa ana cutar da shi, ko da ya sa shi rantsuwa, ya kai maganar ga babban da ya amince da shi, in wannan bai ɗauki mataki ba ya gaya wa wani.