Gwanjon agogunan alfarma ta intanet

Gwanjon agogunan alfarma ta intanet hanya ce ta cinikin agoguna masu tsada, sababbi da tsofaffi, inda masu saye ke yin tayi ta kwamfuta ko ta waya, a sallama wa wanda tayinsa ya fi na kowa. Yawancin agogunan da ke yawo a wannan kasuwa na kamfanonin Siwizalan ne, irin su Rolex, Patek Philippe, Audemars Piguet da Omega, sai kaɗan daga Jamus da Jafan. Gwanjon iri uku ne. Akwai wanda ake yi a zaure ana watsa shi kai tsaye, na nesa su yi tayi tare da na ciki. Akwai wanda gidan gwanjo ke buɗewa a shafinsa na wasu kwanaki ba tare da zaure ba. Akwai kuma dandalin da kowa ke iya kasa kayansa, kamar eBay.

Tarihi

Manyan gidajen gwanjo sun girmi agogon hannu nesa ba kusa ba. An kafa Sotheby's a Landan a 1744, Christie's a 1766, Phillips kuma a 1796. Sun daɗe suna sayar da agogon bango da na aljihu a cikin kayan tarihi, amma agogon hannu bai samu matsayi a wurinsu ba sai can baya, don ana ganinsa abin amfanin yau da kullum ne.

Abin da ya sauya lamarin shi ne agogon batir. A watan Disamba 1969 kamfanin Seiko na Jafan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko da aka sa a kasuwa mai aiki da dutsen kwaz. Cikin shekarun 1970 irinsa ya yi araha, ya kuma fi agogon wani, wato wanda ake yi wa wani ba mai batir ba, daidaita lokaci, har masana'antun Siwizalan da dama suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa aiki. A daidai lokacin da ake ganin agogon wani ya mutu ne wasu suka fara tara shi, suna kallonsa a matsayin aikin hannu da ba za a sake yin irinsa ba. Osvaldo Patrizzi ya kafa gidan Antiquorum a Janeba a 1974, gidan da ya keɓe kansa ga agoguna. A 1989 ya shirya gwanjon da babu komai a cikinsa sai Patek Philippe, don cikar kamfanin shekara 150, a nan ne kuma aka sayar da agogon aljihu Calibre 89 mai ayyuka 33 bayan nuna lokaci. Masana da yawa daga wannan gwanjo suke fara lissafin kasuwar ta yanzu.

Daga nan farashi ya yi ta hawa. Agogon aljihun da Patek Philippe ya ƙera wa ma'aikacin banki ɗan Amurka Henry Graves, aka miƙa masa a 1933, mai ayyuka 24, Sotheby's ya sayar da shi dala miliyan 11 a 1999, ya sake sayar da shi a Janeba a 2014 kan kusan dala miliyan 24. A Oktoba 2017 Phillips ya sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a Niyok kan kimanin dala miliyan 17.8, ga wani da ya yi tayi ta tarho. A Nuwamba 2019 wani Patek Philippe Grandmaster Chime na ƙarfe ya kai faran miliyan 31 na Siwizalan a gwanjon taimako na Only Watch.

Intanet ta shigo ta ƙasa ne. Pierre Omidyar ya buɗe eBay a 1995, nan da nan tsofaffin agoguna suka cika shi, masu kyau da na banza. Manyan gidaje sun fara karɓar tayi ta intanet wajen ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, ko da yake ba a yi ittifaƙi kan wanda ya riga ba. An kafa Chrono24 a Jamus a 2003, wanda asalinsa kasuwa ce mai farashi a rubuce, sai Catawiki na Holan da ya fara gwanjo wajen 2011. Annobar korona ta 2020 ta rufe zaurukan gwanjo, ta tilasta wa gidajen da ke jan ƙafa komawa intanet, ta kuma jawo matasan masu saye da ba su taɓa shiga zaure ba. Farashi ya yi tashin gwauron zabo. A Disamba 2021 wani Patek Philippe Nautilus mai fuska shuɗiya irin launin kamfanin kayan ado na Tiffany, ɗaya daga cikin 170 da aka ƙera, ya kai dala miliyan 6.5 a gwanjo, alhali kuɗinsa a shago bai wuce dala dubu 53 ba. Kasuwar ta kai ƙololuwa wajen Maris 2022, daga nan ta yi ƙasa na tsawon lokaci.

Yadda ake cinikin

Mai saye yana yin rajista, ya nuna shaidar ko shi wane ne, wani lokaci a nemi ya ajiye kuɗin jingina. A gidajen gwanjo kowane agogo yana da ƙiyasin farashi, galibi kuma akwai ɓoyayyen adadin da mai kaya ba zai sallama ƙasa da shi ba. A eBay lokaci na cika ciniki ya ƙare, shi ya sa wasu ke jira sai daƙiƙun ƙarshe su jefa tayi. Gidaje da yawa kuwa suna ƙara 'yan mintuna duk lokacin da tayi ya shigo dab da rufewa.

Kuɗin da aka buga guduma a kansa ba shi ne abin biya ba. Manyan gidaje suna ɗora la'ada ta kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko sama da haka kaɗan, a kan mai saye, ban da haraji, kuɗin fito, inshora da kuɗin aikawa. Tayin da ya yi nasara alkawari ne da doka ta san da shi.

Amfani

Mai saye yana iya kaiwa ga agogon da aka daina ƙerawa, ko wanda layin jiransa a shago ya kai shekaru, daga ko'ina yake. Sakamakon gwanjon baya yana nan a buɗe, don haka ana iya sanin abin da irin agogon ya yi a kasuwa. Agogunan da ba a rububinsu sukan fita ƙasa da kuɗin sabo.

Haɗari

Jabu shi ne abin da kowa ke fara tsoro, kuma na yanzu ya ƙware har sai an buɗe bayan agogon kafin a gane. Amma abin da ya fi cutar masu tara tsofaffin agoguna shi ne agogon haɗe-haɗe, wanda kowane sashensa na gaske ne, sai dai daga agoguna daban-daban aka tsinto su. A Nuwamba 2021 Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 kan sama da faran miliyan 3, kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 Omega ya bayyana cewa haɗe-haɗe ne, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Idan har wanda ya ƙera agogon da gidan da ya sayar za su shiga wannan, mai kallon hoto a waya ya fi su buƙatar taka-tsantsan.

Darajar tsohon agogo tana kan abubuwan da hoto ke iya ɓoyewa. Fuskar da aka sake yi wa fenti tana zubar da farashi ƙwarai, ko da ta fi ta asali kyau. Jikin da aka goge da inji yana rasa kaifin gefunansa, ƙarfen da ya tafi kuma ba ya dawowa. Hatta gyara a kamfanin da ya ƙera agogon yakan rage masa daraja idan an canja fuska ko hannaye da sababbi. Masana suna duba sinadarin da ke sa lambobi haske a duhu: an yi amfani da radiyam har wajen farkon shekarun 1960, sannan tiritiyam har kusan ƙarshen shekarun 1990, saboda haka sinadarin da bai dace da shekarar agogon ba alama ce ta an taɓa shi. Abin takaici ne yadda agoguna masu kyau da yawa suka lalace a hannun masu neman su yi ƙyalli a hoto.

Gidajen gwanjo suna sayar da agogo a yadda yake. Rahoton yanayinsa ra'ayin ma'aikacinsu ne, kuma sharuɗɗansu sukan faɗa a fili cewa ba su lamunce kowane sashe na asali ne ba, ko cewa injin yana aiki daidai, ko ruwa ba ya shiga. Gyaran agogo mai ayyuka da yawa yana cin kuɗi da watanni.

A dandalin da kowa ke sayarwa akwai ƙarin matsala: hotunan da aka ɗauko daga wani wuri, mai sayarwar da ke sa abokinsa ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau, da kayan sata. Agogon da aka tabbatar na sata ne ana iya karɓe shi daga wanda ya saya, gwargwadon dokar ƙasa. Mai saye ma yakan cuci kansa, idan zafin takara ya sa ya wuce iyakar da ya sa wa kansa.

Hanyoyin kariya

Tun 2020 eBay ya fara tura agogunan da suka kai dala 2,000 a Amurka wurin masu tantancewa kafin su isa ga mai saye. Chrono24 yana riƙe kuɗi amana har kaya su isa. Ana iya bincika lambar agogo a rumbun The Watch Register na Landan, wanda ke ajiye bayanan agogunan da aka sace. Patek Philippe yana ba da takarda daga kundinsa mai nuna lokacin da aka ƙera agogo da ranar da aka fara sayar da shi, amma ba ta shaidar halin da yake ciki a yau. Kwali da takardun asali suna ƙara farashi, su ma ana buga na jabu. A ƙarshen 2022 Rolex ya fara shirin sayar da agogunansa da aka riga aka yi amfani da su, da shaidar kamfani, ta wajen dillalansa.

Saɓani

Ana taƙaddama kan ko agogo jari ne. Masu cewa e suna kafa hujja da farashin Graves da Newman, masu cewa a'a suna nuna faɗuwar 2022 da la'adar da ake cira a saye da sayarwa. An kuma sha zargin wasu kamfanoni da yin tayi a kan agogunansu don ɗaga sunansu, su kuwa suna cewa gidajen tarihinsu suke saya wa.