Kai Dattawa Budapest: Tambayoyi Kan Wankan Ruwan Ɗumi da Jirgin Ruwan Yamma

Ɗalibanmu sun yawaita a jami'o'in ƙasar Hangari, musamman ta hanyar tallafin karatun Stipendium Hungaricum, kuma idan bikin yaye ɗalibai ya zo, Alhaji da Hajiya kan so su halarta, su kuma ga Budapest, babban birnin ƙasar. Bayan an gama biki sai a rasa inda za a kai su, tunda ƙafa da gwiwa ba kamar da ba. Ga abin da 'ya'ya suka fi tambaya.

Me ya sa ake cewa Budapest ta dace da masu shekaru?

Domin mafi kyawun abin da ke cikinta a zaune ake morarsa. Kogin Danub ya raba birnin gida biyu: Buda a kan tudu, Pest a shimfiɗe, kuma sai a 1873 aka haɗe su da garin Obuda suka zama birni ɗaya. Da yawa daga manyan gine-ginen sun jeru a bakin kogin, don haka wanda ya zauna cikin jirgin ruwa ko cikin taragon titi mai lamba 2, wanda ke bin gaɓar Pest, zai ga kusan komai ba tare da ya yi haki ba. A kama masauki a Pest. Otal-otal ɗin unguwar fadar Buda suna da kyau a hoto, amma titunan na duwatsu ne, ga hawa da gangara.

Wane irin ruwa ne wannan da ake ta magana?

Ruwa ne da ke fitowa da zafinsa daga ƙarƙashin ƙasa, ɗauke da sinadarai irin su kalsiyam, magnesiyam da farar wuta. Wanda ya taɓa shiga Wikki a Yankari ya san ɗanɗanon abin, sai dai Wikki ba ta wuce digiri 31 ba, nan kuwa rijiyoyin da ke shayar da gidan wankan Széchenyi suna fito da ruwa mai digiri 74 da 77, sai an surka shi kafin ya shiga tafkuna. Mafi yawan tafkunan jiƙa jiki suna tsakanin 34 zuwa 40.

Likitocin ƙasar sun daɗe suna tura masu ciwon gaɓoɓi da ciwon baya zuwa waɗannan wurare. A gidan wankan Lukács ma, bangon harabar cike yake da allunan dutse da waɗanda suka samu sauƙi suka liƙa don godiya. Amma kada a yi wa Baba alkawarin da ba za a cika ba. Zafin yana sassauta jijiyoyi, ruwan yana ɗauke wa gwiwa nauyin jiki, mutum ya yi barci mai daɗi a daren. Sanyin ƙashin da ya shekara ashirin ba zai gudu a wanka uku ba.

Wane gidan wanka za a zaɓa?

Széchenyi shi ne babba, an buɗe shi a 1913 a cikin lambun birni, gini ne ruwan ɗorawa mai tafkuna 18, uku a fili, sauran a ciki. A tafkin waje za ka tarar da tsofaffin garin ruwa ya kai musu ƙirji, sun kafa allon dara irin ta Turawa a gefe suna bugawa, tururi na tashi a kansu ko da sanyin hunturu ne. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin M1, wanda ke aiki tun 1896, yana tsayawa a bakin ƙofarsa, kuma tashar ba ta da zurfi, matakalar kaɗan ce. Aibinsa cunkoso. A je da sassafe a ranar aiki. Da azahar 'yan yawon buɗe ido sun cika shi, da daren Asabar kuwa casu matasa ke yi a ciki, ba wurin dattijo ba ne.

Gidan wankan Gellért, wanda aka buɗe a 1918, an rufe shi don gyara a 2025. Lukács ya fi natsuwa, 'yan gari ne suka fi zuwa. Sai Rudas, wanda ke da amsar tambaya ta gaba.

Maza da mata a haɗe suke wanka? Hajiya ba za ta yarda ba.

Tana da gaskiya, kuma gara a yi wannan maganar tun a gida. A Széchenyi da Lukács a cakuɗe ake, da kayan ninkaya irin na Turai. Wanda bai shirya ganin haka ba, kada a ja shi.

Rudas daban ne. Turkawa ne suka gina shi a ƙarni na 16, lokacin da sarakunan Santambul ke riƙe da Buda daga 1541 zuwa 1686, kuma tsohon sashen yana nan yadda yake: tafki mai kusurwa takwas, ginshiƙai takwas, da ƙubba a sama mai ƙananan tagogi masu launi da haske ke ɗigowa ta cikinsu. A wannan sashen ranar Talata ta mata ce zalla, wasu ranakun aiki na maza ne, Asabar da Lahadi kuma a haɗe. Jadawalin kan sauya, a duba shi a shafinsu kafin a sayi tikiti. Wani abu da ba kowa ke faɗa ba: a ranakun maza, al'adar wurin ita ce ɗaura wani ɗan ƙyalle da ke rufe gaba kawai. Ba dole ba ne, Alhaji ya je da wandon ninkayarsa mai kai wa gwiwa, amma ya san abin da idonsa zai gani.

A ƙara kuɗi kaɗan a karɓi ɗakin canza kaya mai ƙofa maimakon akwatin ajiya a fili. Ana ɗaura wa mutum wani abu kamar agogon roba a hannu, da shi ake buɗe ƙofar. A je da silifas da tawul. Hajiyar da ke son kayan ninkaya masu rufe jiki duka ta tabbatar na yadin ninkaya ne, a kuma tambayi gidan wankan tukuna.

Wanda ya ga duk wannan bai kwanta masa ba, ya bar wankan, bai yi asarar tafiya ba. Kusa da gadar Margit, a kan tudu, akwai hubbaren Gül Baba, wani shehin ɗariƙar Bektashi da ya rasu a 1541. A hau tasi zuwa sama, hanyar ƙafar tana da tsayi.

Mai hawan jini ko ciwon suga zai iya shiga?

Sai da izinin likitansa, kuma a nemo shi kafin a tashi. Ruwan zafi yana buɗe hanyoyin jini, jini ya sauka, zuciya ta ƙara gudu. Mai shan maganin hawan jini na iya miƙewa daga tafki jiri ya kwashe shi, ga daɓe mai santsi. Mai suga da ƙafarsa ta fara mutuwa ba lallai ya ji zafin da ya yi yawa ba, mai gyambo kuwa kada ya shiga sam. Ko mai cikakkiyar lafiya ya fara da tafki mai 34 ko 36, ya yi minti goma sha biyar zuwa ashirin, ya fito a hankali yana riƙe da ƙarfen matakala, ya zauna ya sha ruwa. Ɗakin tururi da tafkin ƙanƙarar da ake faɗawa bayansa, a bar wa masu jini a jika. Kuma ɗa ko jika babba ya kasance a kusa.

To jirgin ruwan yamma fa, ya yake?

Jirage da dama suna tashi daga matsayun gaɓar Pest, musamman wajen dandalin Vigadó, su yi zagayen kimanin awa ɗaya. A zaɓi wanda zai tashi daidai faɗuwar rana, a ga birnin da sauran haske, sannan a ga an kunna fitilu. Jirgin zai ratsa ƙarƙashin Gadar Sarƙa ta 1849, fadar Buda tana sama a hagu, sai ginin majalisar dokoki a dama, wanda aka kammala a 1904, ƙubbarsa mita 96, fitilu sun mai da shi ruwan zinari har cikin kogin. Tun 1987 UNESCO ta sa wannan gaɓa cikin kayan tarihin duniya.

A nemi jirgi mai rufaffen zaure da manyan tagogi, domin iskar kogi da dare tana shiga ƙashi ko a watan Yuni. A iso da wuri, gadar shiga jirgin kan yi gangara idan ruwa ya ja baya. Tikitin galibi yana zuwa da abin sha na maraba, kuma giya ce ake fara miƙowa, sai a ce lemo ake so. Zagayen da ake haɗawa da cin abincin dare, ni ban ga ribarsa ga iyayenmu ba: ya fi tsada, ya fi tsawo, ga kiɗa, ga girkin ƙasar da ke yawan amfani da naman alade da kitsensa. A ci a gidan abincin Turkawa ko Larabawa a Pest, sannan a hau jirgin kallo kawai.

A lura da magariba. A tsakiyar Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura kwata, a Disamba kuwa tun ƙarfe huɗu duhu ya yi.

Ba hatsari?

An taɓa yi. A daren 29 ga Mayu, 2019, ana ruwan sama kogi kuma ya cika, wani babban jirgi ya bugi ƙaramin jirgin Hableány a gindin gadar Margit, mutum 28 suka rasu, yawancinsu baƙi daga Koriya ta Kudu. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, jirage na zirga-zirga kowane dare. Duk da haka idan hadari ya haɗo ko kogin ya yi toroƙo, a ɗage zuwa gobe, kuma da shiga a tambayi inda rigunan ceto suke.

Kwana nawa, kuma a wane wata?

Kwana huɗu ko biyar sun isa, abu ɗaya da safe, ƙailula, sannan abu ɗaya da yamma. Kada a haɗa wanka da jirgi a rana guda, ruwan ɗumi yana kashe jiki fiye da yadda ake zato. Mayu, farkon Yuni da Satumba sun fi daɗi. Bizar Shengen, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai da dama, ake buƙata, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma Hangari tana da ofishin jakadanci a Abuja. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, mutane da yawa ta Santambul suke bi, don haka tun wurin sayen tikiti a nemi keken guragu a filayen jirgin, kyauta ne. Kuɗin ƙasar forint ne, ba Yuro ba. Magungunan Baba su zauna a jakar hannu tare da takardar likita.